Ɗakina ya cika har na rasa wurin shimfiɗa sallaya

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau na ce bari in kawo ta zauren nan a ba ni shawara.

Shekarata tara da aure, ciki da falo muke zaune, ni da maigidan da yara biyu. Ranar Litinin da ta wuce na tashi sallar asuba, kafin in shimfiɗa sallaya sai da na ja kwandon wanki, na ture akwati, na ɗauke kular abinci daga ƙasa na ɗora kan gado. Da na yi sujada kaina ya taɓa ƙafar sif. Kullum haka nake yi, amma ranar ce abin ya tsaya min a rai. Na idar na zauna ina kallon ɗakin kamar ba nawa ba. Akwatunan lefe shida a saman sif, wasu atamfofin ko ɗinkawa ban yi ba. Kuloli saiti huɗu, ɗaya nake amfani da shi. Ƙarƙashin gado cike da kwanukan jere, tun ranar da aka kawo ni ba a ci abinci a cikinsu ba. Tagar baya kuwa shekara uku rabona da buɗe ta, sif ya tare.

Kuma yadda ɗakin yake haka kaina yake. In na tayar da sallah idona na kan kaya, zuciyata na lissafin ankon da ban biya ba da bikin ranar Asabar. In na kwanta sai in yi ta danna waya har ƙarfe ɗaya. Da safe in tashi da ciwon kai, in huce a kan yara.

Na fara ragewa. Na ware atamfa takwas da kuloli saiti biyu, zan ba ƙannen maigidan da wata maƙwabciyarmu da gobara ta cinye mata kaya. Sai labari ya kai kunnen Inna. Ta kira ni tana kuka, ta ce shekara biyar ta yi tana zubin adashe kafin ta haɗa min kayan nan, yanzu zan rabar kamar shara. Tun ranar na tsaya cak. Kayan suna ɗaure a falo, ban mayar ba, ban bayar ba. Don Allah me za ku ce min?

Hajiya, Jahun:
Wa alaikumus salam. 'Yata ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni sa'ar mahaifiyarki ce. Ku yaran yanzu kwano kwano ne kawai a idonku. Mu a wurinmu kayan ɗaki shi ne bankin mace. Lokacin da Alhaji ya kwanta jinya wata bakwai, dillaliya na kira, ta ɗauki samiru da tasoshin da uwata ta jera min, da kuɗinsu muka sayi magani muka ci abinci. In kuma aure ya mutu, Allah ya kiyaye, mace da kayanta take fita ba da gida ba. Garkuwa uwarki ta ba ki. Ki kwance ƙullin nan, ki kira ta ki ba ta haƙuri.

Tela a Wunti:
Hajiya gaskiyarki a kan samira da tasa ta da, amma a kan atamfa ina da magana tunda sana'ata ce. Kusan kowane wata sai an kawo min turmin da ya shekara goma a akwati. In ka buɗe, layin ninki ya kore launi, wani kyankyaso ya yi masa kashi, wani ya yi warin raɓa, in ka sa almakashi sai ya yage da kansa. Kulolin roba na yanzu kuma, ki ba dillaliya ki ji nawa za ta ce, ko rabin kuɗinsu ba za a ba ki ba. In garkuwa ake nema gara a sayar tun suna da kyau a sayi tunkiya ko ɗan kunnen zinari. Zinari a tafin hannu ake ɓoye shi, ba ya tare taga.

Hajiya, Jahun:
Maganar zinari na yarda da ita. Amma sayarwa daban, rabarwa daban.

Mai Keke, Bakaro:
Ku yi min afuwa, ni wannan hirar ta masu hali ce. Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya a gidan haya, ni da iyali da yara biyar. Buhun masara yana nan, bokitai suna nan, littattafan makaranta suna nan, in aka bar wani abu a tsakar gida a wayi gari babu shi. Me zan rage? Yaro zan rage ko masara? Sarari kuɗi ne. Wanda yake GRA shi ke da wurin zama ya yi tunani.

Nas, Dutsen Tanshi:
Yallaɓai mai keke, ba wanda zai musa maka, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Amma ni da nake aiki a asibiti ina ganin maganar ta fi shafar mai ɗaki ɗaya a kan mai gidan sama, bari in faɗi dalili.

Yanzu muna cikin rani, lokacin zazzaɓin Lassa, kuma Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi kamawa kowace shekara, tare da Ondo da Edo da Taraba. Ɓera ne ke ɗauke da ita, yana barin fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka. Ɓera kuwa ba ya zama a fili, bayan buhu yake so, da ƙarƙashin gadon da ba a taɓa sharewa, da kwalin tsofaffin takardu. Ba na ce ka zubar da masara ba. Ka samo durom ko babban bokiti mai murfi ka juye ta, ka ɗaga shi daga ƙasa ko da a kan bulo biyu ne, ka bar tazarar da tsintsiya za ta shiga tsakaninsa da bango.

Na biyu iska. Zafin Maris da Afrilu na tafe, lokacin sanƙarau ke nan, shi da tarin fuka duk sun fi yaɗuwa a ɗakin da mutane suka yi yawa kuma iska ba ta ratsawa. Tagar da Maman Biyu ta ce ta shekara uku a rufe ita ce abin da ya fi tayar min da hankali a duk bayaninta. Kayan da ake ratayewa a igiya cikin ɗaki kuma nan sauro yake yini. Ƙurar hunturu da ke taruwa saman sif ita ke tayar wa yara da asma da dare. Sannan don Allah kada a shiga da gawayi mai ci ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi, hayaƙinsa ba a ganinsa ba a jin warinsa, mutum yana barci yake tafiya.

Duk wannan babu wanda yake buƙatar ƙarin ɗaki.

Mai Keke, Bakaro:
Durom ɗin zan iya. Tagarmu dai da kwali muka toshe ta saboda sauro.

Nas, Dutsen Tanshi:
Ka cire kwalin ka sa raga, kafinta zai buga maka da kuɗi kaɗan. Sai kuma gidan sauro.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Ran:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga farko, kuma abin da Maman Biyu ta ji a sallarta ba sabon abu ba ne, addini ya san da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm da shi a karɓo masa wanda ba shi da ado, domin ya ɗauke masa hankali a sallah. Akwai kuma labulen da Nana A'isha ta rataya a gefen ɗaki, ya ce ta kawar da shi saboda zanensa na gitta masa yana sallah. To in mafificin halitta ya kawar da ƙyalle ɗaya don ya samu natsuwa, ina ga mu da muke fuskantar alƙibla ta cikin jeren kwanuka da talabijin?

Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir: shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta Shaiɗan ce. Malamai sun fassara ta huɗun da abin da aka tara don alfahari ba don buƙata ba.

Ayar da nake so mu riƙe ita ce ta 11 a Suratul Mujadala, inda Allah ya ce idan aka ce muku ku buɗa a wuraren zama to ku buɗa, Allah zai buɗa muku. A kan majalisi ta sauka, amma dubi yadda aka bar sakamakon a buɗe, ba a ce zai buɗa muku a abu kaza ba. Masu tafsiri sun ce ya haɗa da arziki, da ƙirji, da kabari, da Aljanna.

Hajiya, Jahun:
Malam, kada dai a ce kayan ɗakin da iyayenmu suka yi mana haramun ne.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Ran:
A'a Hajiya, ban faɗa ba kuma ba zan faɗa ba. Halal ne, mallakinta ne, ko mijinta ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Kuma ina tare da ke a kan abu ɗaya: sadakar nan nafila ce, faranta wa uwa kuwa wajibi ne. Ba a sa uwa kuka don a yi nafila. Abin da nake gani shi ne Maman Biyu ta yi kuskure a tsari, ta bari mahaifiyarta ta ji a bakin wasu. Da ta je da kanta ta ce Inna ga halin da nake ciki, ga maƙwabciyata da ta kwana ba zanin ɗaurawa, ina so ladan ya zama naki tunda guminki ne, da wuya uwa ta ƙi.

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Wallahi Malam ban yi wannan tunanin ba. Tsoron faɗa mata na ji, shi ya sa na yi shiru.

Malamar Firamare, Nasarawa:
Ni ɗakina bai taɓa damuna ba, kalandata ce ta kusa kashe ni. Bara na zauna na lissafa, a wata uku na je biki goma sha ɗaya, bakwai a ciki da anko. Ga kamu, ga walima, ga yinin biki, ga kai amarya, ga gudummawa. Albashina yakan ƙare kafin goma ga wata, sai in ci bashi in yi ɗinkin da sau ɗaya zan sa. Asabar da Lahadi da ya kamata in huta in duba littattafan yarana, ina gidan wasu ina jiran a fito da amarya har goma na dare. Ranar da na faɗi a aji aka auna jinina aka ga ya hau, ranar na yanke shawara. Yanzu anko sai na ɗan uwa na jini. Sauran in je da kayana masu tsabta, in yi Allah ya sanya alheri, in ba da abin da ya sawwaƙa, kafin magariba ina gida. An yi min gori, an ce na fara girman kai, wata ƙawata ta daina gaishe ni. Ya yi min ciwo sosai, har yanzu yana min. Amma wata shida ke nan ban ci bashin kowa ba, kuma na dawo da karatun Alƙur'ani na bayan asuba da na bari tun ina budurwa.

Uwar Gida, Kobi:
Malama ni ban goyi bayan wannan ba. Zumunta a ƙafa take. Ranar da taki ta taso, ko ta farin ciki ko ta kuka, waɗanda kika je wa su za su zo miki. Haka aka fara a wasu wurare, kowa ya ce yana neman hutu, yau tsoho ya mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabta. Mu abin da ke riƙe da mu ke nan, ba mu da inshora sai mutane.

Malamar Firamare, Nasarawa:
Yaya ban daina zuwa ba fa. Ta'aziyya da dubiya ko ina suke ina zuwa, har na fi zuwa yanzu tunda ina da lokaci. Makon jiya na yini a wurin gwaggona a Yelwa da ke fama da ƙafa, na wanke mata kaya na yi mata kitso. Shekara biyu ina wuce ƙofar gidanta a keke zuwa bukukuwan mutanen da ko sunan angon ban sani ba.

Uwar Gida, Kobi:
To in haka ne da sauƙi. Ni dai tsorona kada “ina neman natsuwa” ya zama sabon sunan rowa da yanke zumunci.

Baba Ɗan Fansho, Federal Low-cost:
Tun ɗazu mata ake ta yi wa wa'azi, bari in karɓi na maza. A bayan ɗakina akwai tsohon babur da ya mutu tun ina aiki, da tayoyi huɗu, da rediyo uku, da fayil-fayil na ofis da ba mai nema. Kullum in ce za su yi amfani. Da damina tayoyin nan ruwa suke tarawa, wato sauro nake kiwo wa jikokina. Watan jiya na kira 'yan gwangwan suka auna suka kwashe, wurin yanzu na zuba yashi na shimfiɗa tabarma, nan nake zama bayan la'asar.

Amma babban tarkacen namiji majalisa ce. Shekara da shekaru daga isha'i zuwa sha biyun dare ina bakin titi ana musun siyasa. Ba abin da muka taɓa gyarawa, sai dai in dawo gida raina a ɓace, iyali sun yi barci. Yarana sun girma ban san hirarsu ba. Wannan ita ce asarar da ba zan iya mayarwa ba, kuma ina faɗa ne don matasan da ke nan su ji.

Yanzu in na yi asuba sai in taka a ƙafa kamar minti talatin. Wani lokaci in kai jikokina kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa. Mutum ya riƙe ƙasar nan a matsayin Firayim Minista har aka kashe shi a Janairun 1966, kuma duk wanda ya san tarihinsa ya san bai bar tarin dukiya ba. In ka bi ta duhun hanyar shiga ka fito inda kabarin yake, ba rufi, sama kawai a kanka, sai ka ji numfashinka ya sauka. Ban taɓa fitowa daga wurin nan da sha'awar sayen wani abu ba.

Nas, Dutsen Tanshi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, tafiyar nan kada ka bari. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako take ba manya shawara, ka ga minti talatin sau biyar ya cika. Maganin hawan jini ne babba tare da rage gishiri da magi, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda likita ya ɗora a kai.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Ran:
Maganar Baba tana da asali. Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta, malamai kuma sun ce sai dai ta ilimi ko ta iyali ko ta baƙo. Mu kuma mun juya, mu raba dare a waje sannan mu yi asuba ido na rufewa.

Ɗaliba, Gwallameji:
Ni tawa majalisar a cikin waya take. Na ƙirga zaurukan WhatsApp da nake ciki, talatin da huɗu. Na 'yan ajinmu na firamare, na sakandare, na dangin uwa, na dangin uba, na masu sayar da mayafi, na bikin da aka gama tun bara. In na buɗe ido abin da nake fara gani hoton hatsari ne ko gawar wani da aka turo ba gargaɗi, kafin ma in yi addu'ar tashi daga barci. Lokacin jarrabawa sai in karanta shafi ɗaya sau uku ban fahimta ba. Na fita daga ashirin, na kashe ƙarar sauran, da dare kuma ina barin wayar a cikin jaka ba ƙarƙashin filo ba. Kwana ukun farko hannuna har lalube yake yi cikin duhu. Abin da ban iya ba shi ne fita daga na dangi, don in ka fita sai an gane.

Tela a Wunti:
Ƙanwata na dangi kada ki fita, ki kashe ƙararsa kawai, ki riƙa leƙawa sau ɗaya bayan magariba. In abu na gaggawa ne za a kira ki.

Nas, Dutsen Tanshi:
Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Maman Biyu, in kina kwanciya ƙarfe ɗaya ki tashi biyar, awa huɗu ke nan. Ciwon kan nan da faɗan da kike wa yara ba mugun hali ba ne, jiki ne ke karɓar bashinsa. In da hali ki ɗan yi ƙailula bayan azahar, ko minti ashirin.

Anti, Yelwan Tudu:
Ni Kirista ce, ina bin hirar nan tun safe kuma ta taɓa ni. Mu ma a coci hidima takan yi yawa: zumuntar mata, koyon waƙa, kwamiti kaza, har mutum ya rasa lokacin da zai zauna shiru gaban Ubangiji. A cikin Bishara an ce Yesu yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, ya kuma ce wa Marta tana damuwa da abubuwa da yawa alhali abu ɗaya ne ake bukata. Na ajiye kwamiti biyu bana. Kujera ɗaya na sa a gindin mangwaron gidanmu, yara sun san in ina kanta ba a kirana sai wuta ta kama.

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Anti wannan na yaran su sani ya burge ni. Nawa ko ina sujada sai sun hau bayana suna tambayar biskit.

Uwar Marayu, Wuntin Dada:
Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Maigidana ya rasu wata goma sha huɗu ke nan. Rigunansa suna rataye inda ya bar su, hularsa na kan madubi, takalminsa na bakin ƙofa. Ɗakin ya yi mana kaɗan ni da yara huɗu, amma in na ɗaga hannu zan taɓa sai in ji kamar ina korarsa. Wani lokaci cikin dare in buɗe sif ɗin in shaƙi ƙamshin turarensa. Ba na barci, abinci ma sai an matsa min. Ban san ko ni ma rage kayan zan yi ba, ko in bar su.

Hajiya, Jahun:
Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, Allah ya raya abin da ya bari. 'Yata na bi ta hanyar nan. Kada ki yi shi ke kaɗai. Ki kira 'yar uwarki ko ƙanwarsa, ku zauna ku ninke tare, ku yi kukanku. Ni na riƙe hula ɗaya da carbinsa, suna nan har yau.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Ran:
Allah ya gafarta masa. Baiwar Allah, hukunci ɗaya zan tunatar don kada a yi kuskure da kyakkyawar niyya. Duk abin da mamaci ya bari, har hula da takalmi, gado ne. In ba a raba ba, ba a yin sadaka da shi, musamman da yake akwai marayu ƙanana, domin ba mai ikon yafe rabon yaro. A kira malami da dangi a ƙimanta kayan a raba. Abin da ya faɗo rabonki kina da ikon riƙewa ko bayarwa, na yara maza kuma a adana musu abin da zai jure ajiya, yaro yana jin daɗin sa rigar mahaifinsa ranar sallah. Kuma ba addinin da ya ce miki sai kin fitar da su gobe. Ki bi a hankali.

Nas, Dutsen Tanshi:
Yaya, maganar kaya za ta iya jira, ta jikinki ce ba za ta jira ba. Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne. Amma rashin barci da rashin cin abinci da suka kai wannan tsawon lokaci suna buƙatar likita ya duba ki, domin ciwon damuwa yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi, kuma zuwa asibiti ba raunin imani ba ne. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma je. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai ki yi min magana ta gefe, ranar Laraba ba ni da aiki, zan raka ki.

Uwar Marayu, Wuntin Dada:
Na gode, Allah ya saka. Zan yi miki magana. Gadon ma ba a raba ba har yanzu, zan sanar da yayansa.

Mai Keke, Bakaro:
Ranar Laraba in kun shirya ku faɗa min, ni zan kai ku in dawo da ku, ba ko sisi.

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Jiya bayan la'asar na je gida. Na bi shawarar Malam, na durƙusa na ba Inna haƙuri tukuna kafin in ce komai. Ta yi min faɗa sosai, na yi shiru har ta gama. Sannan na gaya mata maganar sallaya da taga, da halin da maƙwabciyata ke ciki. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce kwanukan jere kada in kuskura in taɓa, a kwaso a kawo ɗakinta ta ajiye wa 'yata. Atamfa huɗu ta yarda a ba mai gobara, amma ita za ta kai da hannunta. Sauran huɗun da kuloli ta ce a ba dillaliya, a haɗa kuɗin a saya min tunkiya a kai ƙauye wurin kawuna.

Yau da safe maigidan da ƙaninsa suka matsar da sif. Tagar ta ƙi buɗuwa, sai da aka zuba mata baƙin mai, ragar ma ta ruɓe. Bayan sif ɗin kuwa abin da muka gani na kashin ɓera ba zan iya kwatantawa ba. Nas, na yayyafa ruwan bilic kafin in share, na ɗaure hannuna da leda, ina fata na yi daidai. La'asar ɗin yau a gaban tagar na yi ta, ban ture komai ba. Hankalina dai bai gama zama ba, sai da na tuna da ankon ranar Asabar a raka'a ta uku.

Nas, Dutsen Tanshi:
Kin yi daidai, ba a share shi a bushe. Ki wanke kwanukan nan da sabulu da ruwan zafi kafin a kai wa Inna, ramin da yake shigowa kuma a toshe da siminti.

Tela a Wunti:
Akwai kafinta kusa da shagona da ke buga raga. Ki auno tsawo da faɗin tagar ki turo, mai keke kai ma ka auno taka a yi muku tare.